Rodi mai tauri shi ne mai kyau? Fashin baƙi kan yadda ƙarfe da kankare ke ɗaukar kaya kafin su karye

Duk sanda bene ya rufta a ƙasar nan, tun ba a gama zaƙulo mutane daga ƙarƙashin ɓaraguzai ba za ka ji an yanke hukunci a Facebook da majalisun unguwa, wai rodin ne ba shi da ƙarfi, ko an yi ƙwauron siminti. Haka aka yi da bene mai hawa 21 ya faɗi a titin Gerrard na Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe sama da mutum 40, haka aka yi da benen titin Beirut a Kano a Agustan 2022, haka aka yi da makarantar Busa Buji a Jos ranar 12 ga Yuli 2024 inda aka rasa rayuka 22, yawancinsu yara 'yan makaranta, Allah Ya jiƙansu. Toh amma in ka tambayi mai maganar ya ake gane rodi mai kyau, amsar da za ka fi ji ita ce wanda ya yi tauri, wanda sai ayan benda, wato mai aikin lanƙwasa rodi, ya yi gumi kafin ya lanƙwasa shi. Shin haka ne? Me ya sa wani ginin yake tsagewa ya yi watanni yana ba mutane dama su fita, wani kuma ya zube cikin ƙiftawar ido? Amsar tana cikin wani zane guda ɗaya da injiniyoyi ke samu in sun ja ƙarfe da inji har ya tsinke, kuma duk mai niyyar ɗora dakin, wato rufin kankare, a kan iyalinsa ya kamata ya san abin da zanen nan ke faɗa ko da bai taɓa shiga ajin injiniya ba.

Abu biyu da ake aunawa

Na farko rabon kaya, wanda injiniyoyi ke ce wa sitires. Ba nauyin da aka ɗora gaba ɗaya ake dubawa ba, ana duba nawa ne ya faɗa kan kowace murabba'in milimita ta kaurin ƙarfen. Ka yanke rodi mai 12, wato mai kaurin milimita 12, ka kalli bakinsa, faɗin wannan da'irar murabba'in milimita 113 ne, na mai 16 kuma 201. In ka rataya tan ɗaya a jikin kowannensu, mai 12 kowace milimitarsa tana ɗauke da kusan kilo 9, mai 16 kuwa kusan kilo 5, kaya ɗaya ne amma wahalar ba ɗaya ba ce. Ma'aunin da ake amfani da shi sunansa megafaskal, kuma megafaskal 10 kusan kilo ɗaya kenan a kan murabba'in milimita. Saboda haka in ka ga an rubuta 460 ko 500 a takardar rodi, ana nufin kowace milimita za ta ɗauki kilo 47 zuwa 51 kafin ƙarfen ya fara sallamawa. Ka lissafa da 113 ɗin nan, za ka ga rodi mai 12 guda ɗaya tal in na gaskiya ne zai riƙe sama da tan 5, buhun siminti ɗari da 'yan kai kenan.

Na biyu miƙewa, sitiren a bakinsu. Wato nawa abu ya ƙaru a tsawo idan aka kwatanta da tsawonsa na asali. Mita ɗaya ta ƙaru da milimita ɗaya, miƙewar kashi ɗaya cikin dubu kenan. Mutane da yawa ba su yarda ƙarfe yana miƙewa ba, wallahi yana miƙewa, ido ne kawai ba ya gani. Tan ɗayan nan da muka rataya wa rodi mai 12, in tsawonsa mita ɗaya ne zai ƙaru da ƙasa da rabin milimita, ka sauke kayan ya koma yadda yake.

A ɗakin gwaji ana yanko guntun rodi a damƙe shi sama da ƙasa a cikin inji, injin ya dinga ja a hankali yana rubuta abu biyun nan, rabon kaya a tsaye miƙewa a kwance, har sai ƙarfen ya tsinke. Layin da ya fito shi ne labarin ƙarfen gaba ɗaya.

Yadda ake karanta layin

Da farko layin miƙe yake sak yana hawa. Ka ninka kaya miƙewa ta ninka, ka sauke komai ya koma daidai. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya wallafa wannan ƙa'ida a 1678, daga baya aka sa wa tsayin gangaren layin sunan Thomas Young da ya yi bayaninsa a 1807. Gangaren nan shi ke nuna yadda abu ke ƙin miƙewa. Na ƙarfe kusan megafaskal 200,000 ne, na alminiyam kusan 70,000, kankare wajen 30,000, katako wajen 10,000.

Ga abin da nake so a tsaya a kai a nan, domin shi ne farkon ruɗanin kasuwa. Wannan lambar ta 200,000 kusan ɗaya ce ga kowane irin rodi, mai kyau da marar kyau, na waje da na gida, mai santsi da mai zane. Ma'ana in ka ɗaga rodi ka girgiza shi ka ga yadda yake lilo, ko ka taka shi ka ji yadda yake dawowa, ba ka gwada ingancinsa ba ko kaɗan, kaurinsa kawai ka gwada. Haka mai buga shi a ƙasa ya saurari ƙararsa.

Sai layin ya kai wata gaɓa inda ƙarfe ke sallamawa. A nan kaya ba ya ƙaruwa amma ƙarfen ya ci gaba da miƙewa shi kaɗai, kuma daga nan ko ka sauke kayan ba zai koma tsawonsa na da ba. Wannan gaɓar ita ce lambar da ake rubutawa, 250 ga rodi mai santsi irin na da, 460 ko 500 ga mai zane-zane da ake kira Y12 da Y16 a sayit. Kuma da ita injiniya yake lissafin gini, ba da inda ƙarfe ke tsinkewa ba. Abin mamaki miƙewar da aka yi kafin a iso nan 'yar kaɗan ce, milimita biyu da 'yan kai a kowace mita.

Bayan sallamawa ƙarfe mai kyau ba ya tsinkewa nan take. Sai ya sake ɗaurewa, layin ya ci gaba da hawa a hankali cikin lanƙwasa har ya kai ƙololuwa, daga nan wani wuri ɗaya a jikinsa ya fara sirancewa ya yi wuya, sannan ya tsinke a wurin. Tsakanin gaɓar sallamawa da tsinkewa akwai tafiya mai nisa, ƙarfen da ya miƙe milimita biyu kafin ya sallama yana iya ƙara sama da milimita ɗari a mita kafin ya rabu biyu. Wannan tafiyar ita ce danƙon ƙarfe, kuma a ganina ita ce abu mafi tsada a jikin rodi, domin ita ke sayo wa mutanen da ke cikin gini lokacin gudu. Tsohuwar ƙa'idar Ingila ta BS 4449 da injiniyoyinmu suka daɗe suna aiki da ita ta nemi rodin 460 ya miƙe aƙalla kashi 12 zuwa 14 cikin ɗari kafin ya tsinke, mai santsi kuma kashi 22. Sabuwar ta 2005 ta kasa rodin 500 gida uku, A da B da C, kuma duk ukun gaɓar sallamawarsu ɗaya ce, danƙo ne kaɗai ya bambanta su. Kaga kenan su kansu masu rubuta ƙa'idar ba su tsaya kan ƙarfi kawai ba.

Abu mai gautsi kuwa layinsa ba shi da wannan doguwar tafiya, hawa yake sak ya tsaya cak. Ka saki tukunyar ƙasa da tukunyar dalma daga kan tebur ɗaya, ta ƙasan ta fi tauri, ba za ka iya lotsa ta da yatsa ba, amma ita za ta tarwatse, ta dalman ta lotse kawai a ci gaba da girki da ita. Filin da ke ƙarƙashin layin gaba ɗaya shi ke nuna yawan bugun da abu zai shanye kafin ya karye, gilas da ƙarfen zubi layinsu na iya yin tsawo amma siriri ne, filin kaɗan ne.

Me ke sa rodi ya yi tauri amma ya zama mai gautsi?

Sinadarin kabon. In ya yi yawa a ƙarfe gaɓar sallamawa tana hawa sama, taurin ya ƙaru, danƙon ya ragu, walda ma ta ƙi kama shi da kyau. Shi ya sa ƙa'idar ta taƙaita shi ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu na kashi ɗaya cikin ɗari, ta kuma taƙaita fosforas da salfa kowanne kusan 0.05 cikin ɗari, saboda fosforas na sa ƙarfe ya karye a sanyi, salfa kuma ya sa ya tsage tun yana da zafi wajen murza shi. Toh rodin da ayan benda ke yabo wai ya yi ƙarfi sosai har yana karyewa in an zo yin ring, wato zoben da ake ɗaure rodin fila da bim da shi, wannan ba yabo ba ne, ƙararrawa ce. Rodin kirki ya kamata a naɗe shi a jikin fin ɗin da ya dace da kaurinsa ya lanƙwasu ba tare da ko tsaga ta fito a bayan gwiwar ba.

A nan ne maganar ƙarafan gwangwan ke shigowa. Ajaokuta da aka fara tun ƙarshen shekarun 1970 har yau ba ta narkar da tama ta ba mu ƙarfe ba, masana'antun murza rodi na Katsina da Jos da Osogbo an gina su ne su dinga karɓar curin ƙarfe daga masana'antar ƙarfe ta Aladja a jihar Delta, tsarin kuma bai ɗore ba. Don haka rodin gida da yawa daga tsoffin ƙarafa ake yinsa, waɗanda 'yan jari bola ke tarawa ana lodin tirela zuwa su Ikorodu da Ogijo. Mutane na jin haka sai su ce ai shikenan dalilin kenan. Ni ban yarda da wannan hukuncin kai tsaye ba, domin Amurka kanta mafi yawan ƙarfenta daga tsoffin ƙarafa take narkawa, Turkiyya ma da ke sayar wa duniya rodi haka take yi. Matsalar tana wajen tacewa da aunawa. In aka zuba sifirin ɗin mota da bulok ɗin inji da wayar tagulla da gwangwanin madara a tukunya ɗaya aka narka ba a auna abin da ya fito ba, zubin yau daban na gobe daban, rodi biyu daga tirela ɗaya su ba ka layi biyu mabambanta. Akwai irin tanderun lantarki mai araha da ke narkarwa kawai ba ya iya cire fosforas da salfa yadda ya kamata, ƙasar Sin ta rufe masu yin rodin gini da irinsa a 2017 saboda wannan dalilin.

Su masu masana'anta nasu kukan shi ne tsadar lantarki da gas da canjin dala, dillalai a kasuwa kuma za su ce maka mai gini ne da kansa yake zuwa ya ce a ba shi mai sauƙi, injiniyoyi da hukumarsu ta COREN su ce ai ba a ma kiransu sai gini ya faɗi, kowa kuma ya juya ya nuna hukumar SON da ke da alhakin duba ingancin kaya. Kowannensu akwai gaskiya a bakinsa, amma ni inda na fi ganin nauyin shi ne kan wanda ya san lissafin ya kuma rage da gangan, saboda talaka mai tara kuɗin gini shekara da shekaru bai san me ake nufi da 460 ba, wanda ya murza rodin ya sani.

Ƙwauron kauri

Wannan ta fi kowace sauƙin kamawa kuma ta fi yawa. A sayar maka da mai 12 alhali 11 ne. Milimita ɗaya kawai, mutum zai ce mene ne a ciki. Amma faɗin da'ira ba ya raguwa daidai da kauri, ya fi shi saurin raguwa, daga 113 ya koma 95, an cire kashi 16 cikin ɗari na ƙarfen. In 10.5 ne an cire kashi 23. Kayan da ke kan dakin bai ragu ba, don haka rabon kowace milimita ya hau, an matsa kusa da gaɓar sallamawa tun kafin kowa ya tare a gidan.

Gwajin wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Ka sa a yanko maka mita ɗaya daidai ka ɗora a sikeli mai kyau. Mai 10 ya kamata ya ba ka giram 617, mai 12 giram 888, mai 16 kilo 1.58. Ƙa'idar ta yarda da ragi ko ƙari na kashi 4.5 cikin ɗari, wato mai 12 kada ya gaza wajen giram 848. Ko ka ƙirga, tan ɗaya na mai 12 mai tsawon mita 12 guda 94 ne ko kusa da haka, in an ce maka tan ne aka ƙirgo maka ɗari da goma kada ka yi murnar gyara, siraran aka ba ka.

Injiniya yana barin rara a lissafinsa, gaskiya ne. A tsarin BS 8110, ƙa'idar Ingila ta lissafin ginin kankare, ana ninka nauyin ginin kansa da 1.4, na mutane da kaya da 1.6, a kuma raba ƙarfin kankare da 1.5. Amma an bar wannan rarar ne saboda abin da ba a sani ba, ba don a cinye ta da gangan ba. Dillali ya ci kashi 16 a kauri, masana'anta ta ci nata a inganci, ɗan kwangila ya buɗa tazarar rodi, birkila ya ƙara ruwa, mai gida kuma bayan shekara biyar ya ɗora hawa ɗaya da tankin ruwa a kan fandishon da aka yi wa hawa biyu. Kowa a ransa ɗan kaɗan ya taɓa.

Kankare nasa layin daban ne

Kankare gwani ne wajen ɗaukar danni, rago ne wajen ja. Ƙarfinsa na ja kusan kashi ɗaya cikin goma ne na ƙarfinsa na danni, kuma mai gautsi ne, in aka matse shi ya kai wajen milimita uku da rabi a mita sai ya farfashe. Bim ko dakin in aka ɗora masa kaya samansa dannuwa yake, ƙasansa kuma jan sa ake, shi ya sa ake sa rodi a ƙasa ya karɓi jan. A baranda mai fitowa waje ba fila a ƙarƙashinta abin juyawa yake, saman ne ake ja, rodin dole ya zauna a sama, kuma sau da yawa lebura ne ke tattake shi da baro ranar kastin ya koma ƙasa, ranar da aka cire katako baranda ta sauko.

Yanzu ga wata magana da ke ba mutane mamaki. Cika rodi fiye da lissafi shi ma haɗari ne. Injiniya da gangan yake tsara bim yadda ƙarfen zai riga kankaren sallamawa, domin in kaya ya yi yawa ƙarfen ya shiga doguwar tafiyar nan tasa ta miƙewa, tsaga ta buɗe a ƙasan bim, dakin ya yi ciki, filasta ta fara zubowa, ƙofofi su fara cijewa, mutane su ga alama su kwashe yaransu. In aka cusa rodi da yawa ƙarfen ba zai sallama ba, kankaren sama ne zai fara fashewa, shi kuma ba ya yi wa kowa gargaɗi. Bayan haka rodi in ya cunkushe tsakuwa ba ta samun hanyar wucewa, sai a bar ramuka a ciki kamar saƙar zuma a shafe da filasta. Don haka mai gidan da ke cewa a ƙara rodi don gini ya yi ƙarfi, da wanda ke cewa a rage don a yi sauƙi, dukkansu sun bar lissafi.

Fila ita ce abin tsoro na gaske, saboda danni take ɗauka kuma in ta tafi duk abin da ke samanta ya tafi tare. Ring ɗin da ake ɗaurawa a jikinta ba don ya riƙe rodi a tsaye kawai ba ne kamar yadda wasu ke zato, shi ke ɗaure kankaren ciki ya hana shi tarwatsewa, ya kuma hana dogayen rodin bankarewa waje. Ring kusa-kusa yana ba fila ɗan danƙon da kankare ba shi da shi. In aka buɗa tazararsa don a rage rodi biyu ko uku an mayar da filar mai gautsi. Haka a bim, ring ɗin kusa da fila shi ke tare tsagar nan mai tafiya a karkace. Tsaga a tsaye a tsakiyar bim ta ƙasa gargaɗi ce, a kira injiniya. Tsaga a karkace kusa da fila, ko fila da ta fara ɓarewa rodi ya leƙo a bankare, wannan a fita tukuna sannan a yi waya. Don Allah kada a shafe ta da siminti a yi fenti.

Shi ma kankaren ana gwada shi, ana zuba shi a ɗan akwati mai milimita 150 kowane gefe, a jiƙa shi a ruwa kwana 28 sannan a matse a inji. Mai lamba 25 sai an ɗora masa wajen tan 57 kafin ya fashe. A kwana bakwai bai wuce kusan biyu bisa uku na ƙarfinsa ba, shi ya sa gaggawar cire katako a ɗora bulo ke kashe mutane. A 2014 an yi ta taƙaddama a ƙasar nan kan siminti mai lamba 32.5 da 42.5 kamar nan ne duk matsalar take, alhali ko wanne ka saya in ka cika masa ruwa don ya yi saurin zuba, ko yashin duk ƙasa ce, ko ba a yi masa ban ruwa ba a zafin Maris da Afrilu, ƙarfin ya tafi.

Rodin rusau, wuta da walda

Rodin da aka ciro daga ginin da aka rushe aka miƙar da guduma, a ido lafiya lau, har ya fi sabo tauri a wurin da aka miƙar. Dalili shi ne an riga an wuce da shi gaɓar sallamawa, ya ci wani ɓangare na doguwar tafiyarsa, abin da ya rage kaɗan ne. Taurin ya ƙaru danƙon ya ƙare. A yi katanga ko murfin kwata da shi ba laifi, amma ba dakin ba, ba fila ba. Haka lanƙwasa rodi a miƙar a sake lanƙwasawa a wuri ɗaya.

Rodin zamani da ake kira TMT kuma ƙarfinsa daga yadda aka sanyaya shi yake, ana fesa masa ruwa yana fitowa da zafi sai fatarsa ta yi tauri cikinsa ya zauna da laushi, haɗuwar biyun ce ke ba shi ƙarfi da danƙo tare. In aka gasa shi da wuta ya yi ja don a ji daɗin lanƙwasawa an warware wannan aikin. Gobara ma haka, ƙarfe in ya kai zafin digiri 600 kusan rabin ƙarfinsa ya tafi, kankare kuma ya ɓare ya saki rodi. Shagunan bene da suka sha wuta irin ta kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, tsayuwarsu bayan wuta ta mutu ba shaida ba ce cewa lafiya suke, sai an gwada.

Abin da layin ba ya nunawa

Gwajin ja ana yinsa ne sau ɗaya, a hankali, a zafin ɗaki, rayuwa kuwa ba haka take ba. A yaƙin duniya na biyu Amurka ta ƙera jiragen ruwa dubbai da walda, ƙarfensu ya ci gwaji, amma wasu suka dinga tsagewa a ruwan sanyi. Wani jirgin dakon mai, Schenectady, a Janairun 1943 yana ɗaure a tashar Portland ba iska ba igiyar ruwa ya rabe kusan biyu. Wata masaniya a jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ita ta nuna cewa irin ƙarfen nan in sanyi ya kai wani mataki danƙonsa ɓacewa yake ya koma mai gautsi. Mu sanyi bai dame mu haka ba, amma darasin cewa ƙarfe ɗaya na iya canza hali ya shafe mu.

Wadda ta fi shafarmu ita ce gajiyar ƙarfe. Kayan da bai kai gaɓar sallamawa ba, in ana ɗorawa ana saukewa sau dubbai ko miliyoyi, 'yar tsaga tana farawa daga wani kusurwa ko ramin ƙusa ko bakin walda ta dinga ci a ɓoye har ranar da abin da ya rage ya kasa. Haka jiragen sama biyu samfurin Comet na Ingila suka tarwatse a sama a 1954, sai da aka nutsa gangar jikin wani a tankin ruwa ana hura shi ana sacewa kafin a gano. Sifirin ɗin tirela da shaf da ƙafar tanka da ke karyewa a hanyar Kaduna zuwa Kano direba ya rantse bai daki komai ba, sau da yawa gaskiya ya faɗa, in ka duba bakin karayar za ka ga wani ɓangare sumul mai layi-layi har da tsatsa, wannan tsohuwar tsaga ce, ɗan ɓangaren da ke da ƙyalli shi kaɗai ya karye yau. Lodin da ya wuce ƙa'ida yana rage kwanan ƙarfe ninki-ninki, ba daidai da abin da aka ƙara ba, gadoji ma haka suke ji.

Sai kuma saki a hankali, inda abu ke ci gaba da lanƙwasa shekara da shekaru ƙarƙashin kaya ɗaya, katako da roba da kankare duk suna yi, shi ya sa dakin mai faɗi da aka yi siriri yake yin ciki bayan shekaru ko da rodinsa na kirki ne.

Me mai gini zai iya yi?

Sikeli da mita ɗaya, wannan na hannun kowa. Lanƙwasa 'yan guntaye a gabanka kafin a sauke lodi, shi ma haka, ka duba bayan gwiwar da kyau. Ka duba tambarin masana'anta da lambar da ke jikin rodin, wanda ba shi da ko ɗaya ba wanda za ka kama in ya ba da matsala. In bene ne kuwa ko makaranta ko masallaci ko shaguna, a yanko guntaye daga cikin lodin da aka kawo sayit, ba wanda dillali ya zaɓo ba, a kai sashen injiniyan gine-gine na jami'a ko kwalejin fasaha ko wani ɗakin gwaji a ja su. Kuɗin gwajin bai kai komai ba a kan kuɗin dakin ɗaya. In sakamako ya fito kada a tsaya kan lamba ɗaya, a duba uku: gaɓar sallamawa ta kai 460 ko 500 ɗin da aka yi lissafi da ita, ƙololuwar ta ɗara ta da tazara (a rodin 500 rukunin B aƙalla kashi 8 cikin ɗari), sannan miƙewar ta kai. Rodin da ya ba da 650 a sallamawa amma ya tsinke bayan miƙewar kashi 6, a mayar wa mai shi, wanda ya ba da 350 ya miƙe kashi 25 shi ma bai cika ba, sai dai injiniya ya sake lissafi da ainihin lambarsa in zai yiwu. Kuma a sake gwaji duk sanda aka kawo sabon lodi, domin takardar watan jiya ba ta magana a kan rodin da tirela ta sauke yau.